Tarihin James Brown, Makaɗin Amurka Wanda Faya-fayansa Suka Ƙi Tsufa

Masu karatu waɗanda suka manyanta za su tuna da zamanin da garmaho yake cikin kayan alfarma na gidan ma'aikaci. Akan ɗora faifai, a saukar da allura a hankali, sa'an nan kowa ya yi tsit yana saurare. Da kaset ya zo, daga bisani kuma ƙaramin faifan nan mai walƙiya da ake kira sidi ya biyo baya, sai aka ture garmaho gefe, har jama'a suka ɗauka an yi sallama da shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba. A ƙasar Amurka cikin shekarar 2007 manyan faya-fayan garmaho da aka sayar duka-duka ba su kai miliyan 2 ba, amma cikin 2022 an sayar da miliyan 41, sidi kuwa miliyan 33. Rabon da faifan garmaho ya fi sidi yawa a kasuwar can tun 1987.

Cikin abin da kamfanoni suke sāke bugawa akwai kiɗan rawa iri uku na baƙar fatar Amurka, watau fanki da disko da bugi. Duk wanda ya bi diddigin waɗannan kaɗe-kaɗe kuwa, ko ta ina ya ɓullo, sai ya tarar da sunan mutum ɗaya, James Brown. Saboda haka muka ga ya kyautu mu ba da tarihinsa, mu faɗi alherinsa, mu faɗi laifinsa, mu kuma duba inda kuɗin waɗannan faya-fayai suke zuwa bayan mai su ya kwanta dama.

Asalinsa

An haifi James Brown ran 3 ga watan Mayu 1933 a gundumar Barnwell, cikin jihar Karolaina ta Kudu. Iyayensa matalauta ne ƙwarai, suna zaune cikin wata bukkar katako a daji, uban yana tatsar ƙaro daga itatuwa ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A wancan zamani dokar jihohin kudancin Amurka ta raba baƙi da farare a makaranta da asibiti da mota, har da wurin shan ruwa. Yana da kamar shekara huɗu uwarsa ta bar gidan. Daga baya uban ya kai shi birnin Ogasta cikin jihar Jojiya, ya damƙa shi ga wata gwaggonsa wadda take riƙe da gidan karuwai, a nan ya tashi.

Tun yana ƙarami yake neman na kansa. Ya yi goge takalma a bakin titi, ya yi tsinkar auduga a gonakin mutane, a lokacin yaƙin duniya na biyu kuma yakan yi wa sojan barikin da ke kusa da garin rawa su jefa masa 'yan kuɗi. Shi da kansa ya sha ba da labarin yadda aka riƙa komo da shi gida daga makaranta, wai tufafinsa ba su isa a shiga aji da su ba. Karatunsa bai yi nisa ba ya bari. Muna roƙon malaman makaranta su riƙe wannan magana, domin za mu komo kanta a ƙarshe.

Cikin 1949, yana da shekara 16, aka kama shi da laifin fasa motocin mutane yana ɗebe kaya. Alƙali ya yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 16, aka kai shi gidan horon yara a wani gari mai suna Toccoa. A can ya haɗa 'yan uwansa fursunoni suna rera waƙoƙin coci, har labarin muryarsa ya fita waje. Wani saurayi ɗan garin mai suna Bobby Byrd, wanda shi ma mawaƙi ne, ya san shi, iyayensa kuma suka tsaya masa aka sake shi cikin 1952, suka ba shi wurin kwana. Wannan alheri shi ne mafarin kome. Bobby Byrd ya shigar da shi ƙungiyarsa, wadda daga baya aka sa wa suna Famous Flames, ba a daɗe ba baƙon ya zama shi ne uban waƙa, masu gida suka koma 'yan amshi.

Faifan Farko

A birnin Sinsinati na jihar Ohayo akwai wani kamfanin faifai mai suna King Records, na wani Bature Syd Nathan. Wannan kamfani ya bambanta da saura, domin a gida ɗaya ake ɗaukar murya, a zuba faifai, a buga hoton jakarsa, a kuma ɗaure kaya a aika kasuwa. Wani wakilin kamfanin, Ralph Bass, ya ji waƙar da su Brown suka gwada ɗauka a garin Macon, ya je ya sa hannu da su. Da mai kamfani ya ji waƙar bai so ta ba ko kaɗan, don a ganinsa kalma ɗaya ce kurum ake ta maimaitawa. Duk da haka aka fitar da ita cikin Maris 1956 da sunan “Please, Please, Please”, ta kuwa karɓu ƙwarai wurin baƙar fata. Faya-fayai tara da suka biyo bayanta duk ba su yi kasuwa ba, har kamfani ya kusa sallamarsa, sai cikin 1958 waƙar “Try Me” ta fid da shi kunya.

A nan ya kamata mu yi bayanin faya-fayan zamanin, don abin da zai zo gaba ya fi fahimtuwa. Akwai ƙarami mai faɗin inci 7, wanda yake juyawa sau 45 a minti, kowane gefe yana ɗaukar waƙa ɗaya ta kamar minti uku. Akwai kuma babba mai faɗin inci 12, mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda kowane gefensa yake ɗaukar wajen minti ashirin. Ƙaramin shi ne na talakawa da gidajen rediyo. Kamfanoni a lokacin sun ɗauka baƙar fata ba su sayen babban.

Brown ya lura cewa abin da yake yi a gaban jama'a ya fi abin da faifai yake ɗaukowa nesa ba kusa ba. Sai ya nemi a ɗauki wasansa a dandali, da ihun mutane da tafinsu duka, a zuba a babban faifai. Syd Nathan ya ƙi, yana ganin ba wanda zai sayi waƙoƙin da ya riga ya mallaka. Brown ya ciro dala 5,700 daga aljihunsa ya biya. Aka ɗauki wasan ran 24 ga Oktoba 1962 a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a birnin Niyu Yok. Da faifan ya fito cikin 1963 da sunan “Live at the Apollo”, sai da ya kai na biyu a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka duka, ya kuma yi mako 66 cikin jerin. Tun daga ran nan bai sāke yarda wani ya fi shi sanin sana'arsa ba.

Yadda Fanki Ya Samu

Kiɗan Amurka ana ƙirga shi ne huɗu-huɗu. Makaɗan zamanin sun saba ɗora nauyi a kan bugu na biyu da na huɗu. Brown ya umurci mutanensa su mai da nauyin kan bugu na ɗaya, kowa ya sauka a kansa tare, sa'an nan a saki jiki cikin sauran ukun. Ya kuma rage yawan hawa da saukar murya da aka saba yi cikin waƙa, ya sa kowane abin kiɗa ya yi aiki irin na ganga. Mai jita ya riƙe ɗan gajeren karinsa yana nanatawa, mai jita mai kaurin murya ya riƙe nasa, masu busa su riƙa shigowa da gajeren ƙara kamar sara, kowa da gurbinsa, ba mai taka na wani. Wanda ya saba jin yadda mai kuntuku yake riƙe bugu ɗaya, uban kiɗi kuma yana yawo a kansa da kalangu, ba zai sha wuyar gane wannan tsari ba.

An fara jin sabon salon sosai cikin “Papa's Got a Brand New Bag” ta 1965, wadda ta samo masa lambar girma ta Grammy, ya kuma nuna sarai cikin “Cold Sweat” ta 1967. Da yake kiɗan yakan yi tsawo fiye da abin da ƙaramin faifai zai ɗauka, sai a raba waƙa biyu, kashi na ɗaya a gaba, na biyu a baya. Wannan shi ne fanki. Amma gaskiya ita ce ba shi kaɗai ya gina shi ba. Brown bai iya rubutun kiɗa ba, da baki yake gwada abin da yake so, shugabannin makaɗansa irin su Pee Wee Ellis da Fred Wesley su tsara shi. Akwai Maceo Parker mai busa, da Jimmy Nolen mai jita, da masu ganga biyu, Jabo Starks da Clyde Stubblefield.

Wajen aiki ba shi da wasa. Yakan kwana mafi yawan shekara a kan hanya, yau wannan gari gobe wancan. Makaɗin da ya makara, ko ya zo da takalmi ba gogewa, ko ya kuskure bugu, tara ce a kansa. Yana cikin rawa zai juya ya nuna wa mai laifi yatsu, masu kallo su ɗauka salon rawa ne, alhali kuwa yawan dalar da za a yanke daga albashinsa ake gaya masa. A ƙarshen wasa kuma yakan faɗi bisa gwiwoyinsa kamar ya gaza, sanƙiransa Danny Ray ya zo ya yafa masa alkyabba ya kama shi za su fita, sai ya yar da ita ya komo da gudu ya ci gaba da waƙa.

Shekarar 1968

Da ya sami suna da dukiya bai manta da raunin karatunsa ba. Cikin 1966 ya yi waƙar “Don't Be a Drop-Out”, yana gargaɗin yara kada su bar makaranta, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Hubert Humphrey ya karɓe shi saboda ita. Ya sayi gidajen rediyo uku, ɗaya daga cikinsu a Ogasta, wanda a ƙofarsa ya taɓa goge takalma.

Ran 4 ga Afrilu 1968 aka harbe Martin Luther King, shugaban masu neman 'yancin baƙar fata. Tarzoma ta tashi a birane fiye da ɗari. Kashegari Brown yana da wasa a birnin Bostan, hukuma kuwa ta rasa yadda za ta yi, in an hana wasan a sami fitina, in an bari taro ya yi yawa a sami fitina. Sai magajin garin, Kevin White, ya shirya da shi a nuna wasan ta talabijin don mutane su zauna gida su kalla. Ana cikin wasa waɗansu samari suka hau dandali, 'yan sanda suka taso za su ture su. Brown ya tsai da kiɗa, ya ce 'yan sanda su ja da baya, ya yi wa samarin magana da kansa har suka sauka. A daren nan Bostan ta kwana lafiya, waɗansu birane kuwa suna cin wuta. Cikin watan Agusta na shekarar ya fitar da “Say It Loud”, inda yara suke amsa masa cewa su baƙaƙe ne kuma suna alfahari da haka. Waƙar ta zama take ga baƙar fata ko'ina, amma ta sa farare da yawa suka janye daga wasanninsa.

Tsananin da yake yi wa makaɗansa ya zo ya haifar da abin da akan yi tsammani. Cikin Maris 1970 galibinsu suka tsaya a kan sai an gyara musu biya, in ba haka ba ba za su hau dandali ba. Brown bai saurare su ba. Ya aika da jirgin samansa Sinsinati aka ɗauko waɗansu samari, cikinsu har da Bootsy Collins, ɗan shekara 18 mai jita mai kaurin murya, da wansa Catfish. Sabuwar ƙungiyar aka sa mata suna J.B.'s.

Zuwansa Afirka

Da waɗannan samari ya zo Nijeriya cikin Disamba 1970, ba a cika shekara da gama yaƙin basasa ba. Sarkin Ikko, Oba Adeyinka Oyekan, ya karɓe shi da girmamawa. Kafin zuwansa faya-fayansa sun riga shi isowa. Wani mawaƙin Saliyo, Geraldo Pino, ya daɗe yana kiɗa irin nasa a biranen Afirka ta Yamma, samarin Ikko suna rububinsa. Makaɗan Brown suka je gidan rawar Fela Kuti suka ji kiɗansa, Bootsy Collins kuwa ya yi shekaru yana ba da labarin yadda abin ya ba shi mamaki. Daga nan suka wuce Zambiya. Cikin Satumba 1974 kuma ya yi wasa a Kinshasa, a bikin da aka shirya saboda damben Muhammad Ali da George Foreman.

Disko Ya Ture Shi

Cikin 1971 ya koma kamfanin Polydor, wanda ya saye tsofaffin waƙoƙinsa duka. Yana kuma da tambarin kansa mai suna People Records, inda yake fitar da faya-fayan mutanensa, irin su Lyn Collins da Fred Wesley. Amma daga nan al'amura suka fara juyawa. Cikin 1972 ya goyi bayan Shugaba Nixon a zaɓe, baƙar fata da yawa suka yi fushi da shi. Cikin 1973 babban ɗansa Teddy ya rasu a haɗarin mota. Hukumar haraji kuma ta taso masa da bashin miliyoyin dala, har jirgin saman da gidajen rediyon suka fita daga hannunsa.

Ana cikin haka disko ya cika gari. Shi disko daga fanki da kiɗan birnin Filadelfiya ya tsiro, amma a cikinsa babbar ganga tana sauka a kan kowane bugu cikin huɗun, ga goge da taushin murya. Ba a bukatar makaɗa a gidan rawa, mai sa faifai ya wadatar. Saboda masu sa faifai ne aka ƙago wata dabara, a ɗauki faifai mai inci 12 a zuba masa waƙa ɗaya tak a gefe guda. Da yake wuri ya yalwata, sai tsagin da allura take bi ya yi faɗi, ƙara ya ƙaru, kaurin ganga ya fito sosai, waƙa kuma ta yi minti bakwai ko tara ba yankewa. Kamfanin Salsoul ne ya fara sayar wa jama'a irinsa cikin 1976.

Kaushin muryar Brown bai dace da wannan zamani ba. Cikin 1979 ya fitar da faifai mai suna “The Original Disco Man”, yana nuna cewa shi ne tushen abin, amma kasuwarsa ba ta kai ta dā ba. A cikin shekarar nan, ran 12 ga Yuli, aka tara faya-fayan disko a wani filin wasa a Shikago aka fasa su da nakiya, taro ya rikice, manyan kamfanoni kuma suka fara gudun sunan disko. Abin da ya biyo baya shi ake kira bugi. Ya fi disko nawa, ana haɗa shi da molon lantarki, nauyinsa kuwa ya sāke karkata wajen fanki. Cikin 1981 Brown ya rabu da Polydor, mutane da yawa suka ce tasa ta ƙare.

Daƙiƙa Ashirin

Abin da ya tashe shi yana cikin tsofaffin faya-fayan da aka zubar. A unguwar Bronx ta Niyu Yok, tun 1973, wani saurayi haifaffen Jamaika da ake kira Kool Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai inda waƙa ta tsaya aka bar ganga kaɗai. Sai ya sayi faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora su a garmaho biyu, in wurin gangar ya ƙare a wannan sai ya tashe shi a wancan. Faya-fayan Brown suna cikin waɗanda ya fi amfani da su. A kan wannan kiɗa samari suka fara jera magana, abin da ya zama hip-hop.

Ran 20 ga Nuwamba 1969, a Sinsinati, an ɗauki wata waƙa mai suna “Funky Drummer”. Ana cikin kiɗa Brown ya sa kowa ya yi shiru, aka bar Clyde Stubblefield shi kaɗai yana buga ganga na kamar daƙiƙa ashirin. Da ta fito cikin 1970 ba ta yi wani tashe ba. Cikin 1986, da Polydor suka ga samarin Niyu Yok da na Landan suna farautar tsofaffin faya-fayansa da tsada, sai suka tattara waɗansu suka sāke bugawa da sunan “In the Jungle Groove”, har da wannan waƙa cikakkiya, ta minti tara. A lokacin an sami na'urar da take yanko guntun kiɗa ta yi ta maimaita shi. Daƙiƙa ashirin ɗin nan sun shiga cikin waƙoƙi fiye da 1,000 na mawaƙa dabam-dabam.

To, ga inda maganar take. A jikin faifan sunan James Brown ne kaɗai aka rubuta a matsayin mai waƙa. Stubblefield ɗan albashi ne, an biya shi na ran nan, shi ke nan. Ya koma garin Madison yana kiɗa a ƙananan gidajen rawa. Da ciwo ya kama shi kuɗin asibiti suka fi ƙarfinsa, sai mawaƙin nan Prince ya biya masa a ɓoye, ba a sani ba sai bayan rasuwar Prince cikin 2016. Stubblefield ya rasu cikin 2017 yana da shekara 73. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Laifofinsa Da Ƙarshensa

Shi Brown ya ga farfaɗowar sunansa da idonsa. Waƙarsa “Living in America” ta 1985 ta kai ta huɗu a Amurka, cikin 1986 kuma aka sa shi cikin rukunin farko na mawaƙan da aka karrama a zauren tunawa da manyan mawaƙa na ƙasar. Sai dai mutumin da ya yi shekaru yana korar makaɗi saboda shaye-shaye, shi ma ya faɗa ciki. An sha kai ƙararsa saboda dukan matansa, wannan kuwa abin kunya ne wanda daɗin kiɗa ba ya wanke shi. Cikin Satumba 1988 ya shiga wani taro a Ogasta da bindiga a hannu, sa'an nan ya gudu da mota, 'yan sanda suka bi shi har ƙetaren iyakar jiha suna harbin tayoyinsa. Aka ɗaure shi shekara shida, aka sake shi cikin Fabrairu 1991.

Bayan fitowarsa ya ci gaba da yawon wasa har tsufansa. Kowace shekara yakan raba wa matalautan Ogasta talotalo da kayan wasan yara, garin kuma ya kafa masa mutum-mutumi cikin 2005. Ciwon huhu ya kwantar da shi a wani asibiti a Atlanta, zuciyarsa ta gaza, ya rasu ran 25 ga Disamba 2006 yana da shekara 73. Aka ɗauki gawarsa a keken doki zuwa gidan wasa na Apollo, dubban mutane suka yi layi suna ban kwana da shi.

Gado Da Sababbin Bugu

Cikin wasiyyar da ya rubuta a shekarar 2000, ya ce a sa mafi yawan dukiyarsa cikin asusun ilmantar da 'ya'yan matalauta na jihohin Karolaina ta Kudu da Jojiya. Amma da ya rasu sai rigima ta tashi tsakanin iyalinsa da masu riƙon amanar dukiyar, aka yi ta shari'a kusan shekara 15, lauyoyi suna ci, yaran da aka yi wasiyya dominsu suna jira. Sai cikin 2021 aka sasanta, a ƙarshen shekarar kuma kamfanin Primary Wave ya sayi hakkokinsa a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 90, hanyar cika wasiyya ta buɗe.

Faya-fayansa kuwa ba su daina fitowa ba. Cikin 2014 kamfanin Now-Again ya buga “These Are The J.B.'s”, faifan da su Bootsy Collins suka yi tun zamanin da suke tare da shi amma aka ajiye ba a sayar ba. Cikin 2019 aka fitar da cikakken wasan da ya yi a Ogasta cikin Oktoba 1969. Wannan kasuwa ta taɓo mu ma. Kamfanonin Ingila da Amurka sun bi kasuwanninmu suna tsintar tsofaffin faya-fayan Nijeriya suna sāke bugawa. Strut sun fitar da “Nigeria 70” cikin 2001, Soundway sun fitar da “Nigeria Disco Funk Special” cikin 2008 da “Doing It in Lagos” cikin 2016, Luaka Bop kuma sun tattara waƙoƙin William Onyeabor na Inugu cikin 2013. Abin da muka bari ƙura da zafin rana suka lalata a ɗakunan ajiya, shi ake nema da kuɗi a Landan da Niyu Yok.

Mun ga abu uku cikin wannan tarihi waɗanda suka shafi masu karatunmu. Na farko na ma'aikatan ofis ne, waɗanda suka san darajar takarda. Mutum biyu sun yi aiki a ɗaki ɗaya rana ɗaya, wanda aka rubuta sunansa kuɗin hakkinsa suka ci gaba da shigowa har bayan rasuwarsa, wanda ba a rubuta ba sai da wani ya biya masa kuɗin magani. Makaɗanmu da 'yan amshinsu su ma suna bukatar mai rubuta musu yarjejeniya tun kafin a ɗauki murya, kamfanin da ya zo sāke buga tsohon faifai kuma a tambaye shi wa ya biya. Na biyu, wanda yake da tsofaffin faya-fayai a gida ya adana su a tsaye cikin inuwa, kada ya jibge su kwance, don watakila nasa ne kaɗai ya saura. Na uku na malamai ne. Yaron da aka kora daga aji saboda tsummokaransa, shi ne ya bar dukiyarsa don 'ya'yan matalauta su yi karatu. Malamin da ya ga irin wannan yaro a bakin ƙofa gobe da safe, muna fata zai bar shi ya shiga.